Ƙafar da Ta Daina Kai Ƙara: Tarihin Ciwon Suga da Lalacewar Jijiyoyi

Hausawa na cewa jiki magayi. Ƙaya idan ta soki mutum, kafin ya sunkuya ya duba ya riga ya san inda ta shiga. Takalmi idan ya matse, ƙafa ce take fara kai ƙara. Bisa wannan amana ce kowa yake takawa ba tare da ya riƙa leƙen tafin ƙafarsa ba. Ciwon suga yana cikin cututtuka ƙalilan da suke warware amanar. A hankali yake lalata jijiyoyin da ke kai labari daga yatsun ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, har ta kai mutum ya yini da tsakuwa a cikin takalmi bai sani ba, sai da dare ya ga jini a safa. Kusan rabin masu ciwon suga suna gamuwa da wannan lahani a wani lokaci na rayuwarsu, kuma shi ne kan gaba wajen jawo gyambon da ke ƙarewa da yanke ƙafa.

An shafe kusan shekara 200 kafin a fahimci abin da ke faruwa da kuma waɗanda suka fi shiga haɗari. Wani ɓangare na amsar ya fito daga ɗakunan gwaji na Turai, wani daga lissafin wani likita a Beljiyam, wani kuma, wanda ya fi amfanar mara lafiya, daga asibitin kutare.

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abu uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Na ukun ake nufi a nan, wato jijiyoyin saƙo, ko da yake lafiyarsu a ɗaure take da ta jijiyoyin jini.

Wanne ne ya haifi wani?

Tun da daɗewa masu magani suka lura cewa cutar yawan fitsari ba ta tsayawa a fitsari. Ibn Sina, a littafinsa na likitanci da ya kammala a 1025, ya ambaci ruɓewar gaɓa da raunin mazakuta cikin abubuwan da ke biyo bayanta. A 1798 John Rollo, likitan sojan Birtaniya, ya rubuta cewa marasa lafiyarsa suna kukan zogi da wani baƙon yanayi a ƙafafu. Kowa ya ga alaƙar, amma an ɗauki lokaci mai tsawo ana karanta ta a baibai.

Dalilin haka wani gwaji ne da Claude Bernard ya yi a Faris a 1849. Ya tsira allura a wani wuri a gindin ƙwaƙwalwar zomo, sai suga ya bayyana a fitsarin dabbar. Likitoci da yawa suka ɗauka an gama magana: ciwon suga cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, lalacewarsu ce ke haifar da shi. Sai a 1864 wani likitan Faransa, Marchal de Calvi, ya juya zancen, ya ce ciwon suga ne uwa, matsalar jijiyoyi kuwa 'yarsa ce. A 1889, lokacin da Joseph von Mering da Oskar Minkowski suka cire wa kare fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, kuma karen ya kamu da ciwon suga mai tsanani, sai ra'ayin Marchal ya sami gindin zama.

A tsakanin waɗannan shekaru aka tattara kusan dukkan alamomin da ake koyarwa a yau. Charles Bouchard ya lura a 1884 cewa idan aka ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar wasu masu ciwon suga, ƙafar ba ta zabura. Frederick Pavy na asibitin Guy's a Landan ya bayyana a 1885 yadda marasa lafiya ke jin ƙuna da suka kamar ta allura, da nauyin ƙafa, da tangaɗi a tafiya, da yadda raɗaɗin ke tsananta da dare. A 1887 Davies Pryce na birnin Nottingham ya ba da rahoton mai ciwon suga da gyambo ya huda tafin ƙafafunsa biyu, ya kuma danganta abin da lalacewar jijiyoyin ƙafar.

Duk da haka, al'amarin bai dami likitocin zamanin ƙwarai ba. Yaron da ya kamu da ciwon suga a wancan lokaci da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu, jijiyoyi kuwa suna bukatar shekaru kafin ɓarnarsu ta bayyana.

Abin da insulin ya tona

A watan Janairun 1922, a Toronto ta ƙasar Kanada, aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurar insulin, sinadarin da Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu suka tace daga fankiriyas ɗin dabbobi. Waɗanda da za su mutu cikin watanni suka koma rayuwa ta shekaru masu yawa. Tsawon ran nan ne ya ba cutar damar nuna sauran aikinta a ido, da ƙoda, da zuciya, da ƙafa.

Elliott Joslin, babban likitan ciwon suga na Boston a Amurka, yana cikin waɗanda suka fara ankara. Ya ga mutuwa ta hanyar doguwar suma tana raguwa, ruɓewar ƙafa tana ƙaruwa. A wata maƙala da ya buga a 1934 ya nace cewa mafi yawan wannan ruɓewa ana iya kauce mata ta hanyar tsabta, da takalmi mai kyau, da gaggawar kula da ƙaramin rauni. A 1936 William Jordan ya nuna cewa rugujewar ƙasusuwan ƙafa da Jean-Martin Charcot ya siffanta a 1868 ga masu tsohon ciwon tunjere tana samun masu ciwon suga su ma: ƙafa ta kumbura, ƙasusuwa su karairaye su goce, mai ita yana ta takawa domin ba ya jin zafin da zai tsayar da shi.

A 1945 Wayne Rundles ya yi nazarin marasa lafiya 125, ya jawo hankali ga wani rukunin jijiyoyi da ke aiki ba da umarnin mutum ba, masu kula da bugun zuciya, da narkar da abinci, da mafitsara, da gumi. Idan suka taɓu, mutum kan ji jiri in ya miƙe tsaye, abinci ya daɗe a cikinsa, fitsari ya ƙi fita duka, namiji ya rasa kuzarinsa, ƙafa ta daina gumi ta bushe ta yi faso. Har ciwon zuciya yana iya zuwa wa irin wannan mutum ba tare da zafin ƙirji ba.

Marasa lafiya 4,400

Sanin alamomi daban, sanin wanda abin zai samu daban. Amsar farko mai ƙarfi ta zo daga Jean Pirart, wani likita a Burasels, wanda ya bi diddigin masu ciwon suga 4,400 daga 1947 zuwa 1973, yana duba su yana rubutawa. Ya tarar cewa a ranar da aka gano ciwon, kimanin kashi 8 cikin 100 sun riga sun sami lalacewar jijiyoyi. Bayan shekara 25 adadin ya kai kusan rabi. Abu biyu suka fito fili a lissafinsa: yawan shekarun da mutum ya yi da ciwon, da yawan hauhawar sugansa a cikin waɗannan shekaru.

A daidai wannan lokaci masu bincike suka rabu gida biyu kan yadda ɓarnar ke aukuwa. Sven-Erik Fagerberg na Suwidin ya nuna a 1959 cewa ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar saƙo suna kauri suna tsukewa, don haka jijiyar yunwa ce ke kashe ta. A 1966 Kenneth Gabbay da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa suga idan ya yi yawa a cikin jijiya yakan rikiɗa ya zama wani sinadari mai suna sobitol, ya taru ya yi mata illa. An ƙera magunguna da dama don toshe wannan hanya ta biyu, amma mafi yawansu ba su yi abin da aka sa rai ba a jikin mutane. A yau an yarda cewa hanyoyin biyu suna aiki tare.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙafa ce ke fara shan wahala. Zaren jijiyar da ya taso daga ƙasan laka zuwa babban yatsa yakan kai kusan mita ɗaya, shi ne mafi tsawo a jiki, kuma ƙarshensa ya fi kowane nisa da inda ake ƙera abin da ke raya shi. Saboda haka lalacewar take farawa daga yatsu, a ƙafafu biyu lokaci guda, ta riƙa hawa kamar ana jan safa. Sai ta kusa kai gwiwa sannan yatsun hannu su fara. Wannan ne ma ya sa bincike da dama suka sami dogayen mutane sun fi gajeru shiga haɗari.

Darasin asibitin kutare

A 1946 Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Birtaniya da aka haifa a Indiya, ya kama aiki a asibitin koyarwa na Vellore a kudancin ƙasar. A wancan lokaci kusan kowa, har da likitoci, ya yarda cewa kuturta cin nama take yi, shi ya sa yatsu ke guntulewa. Brand ya shafe shekaru yana duba hannaye da ƙafafun marasa lafiyarsa, yana bin sawun kowane sabon rauni. Ya tarar kusan kowanne yana da sanadi na zahiri: tukunya mai zafi da aka ɗauka da hannu, ƙotar fartanya mai kaushi, ƙusa a takalmi, har da ɓeraye da ke gaigayar yatsun mai barci. Ƙwayar kuturta jijiya take kashewa. Sauran ɓarnar rashin jin zafi ne ke jawo ta.

A 1966 Brand ya koma asibitin kutare na gwamnatin Amurka da ke Carville a jihar Luwiziyana, kuma a can aka gane cewa ƙafar mai ciwon suga da ta kuturu hanya ɗaya suke bi zuwa gyambo. Ya nuna cewa ba sai an taka ƙusa ba. Matsi matsakaici da ake maimaitawa sau dubbai a wuri guda ya isa. Mai lafiya yakan sauya taku da zarar wani wuri ya fara yi masa zafi, ko da bai lura ba. Wanda jijiyarsa ta mutu kuwa yana ci gaba da dukan wuri ɗaya, fata ta yi kanta, jini ya taru a ƙarƙashin kantar, daga baya ta fashe. Idan aka haɗa da ƙanƙancewar ƙananan tsokokin ƙafa, wadda ke sa yatsu su lanƙwashe nauyi ya koma kan gaban tafi, da bushewar fata, an sami duk abin da gyambo ke bukata.

Daga Carville ne kuma aka sami awon da ya fi kowane sauƙi. Tun a shekarun 1890 Max von Frey na Jamus yake auna jin taɓi da gashin doki. A 1960 Josephine Semmes da Sidney Weinstein suka maye gurbin gashin da zaren nailan masu kauri daban-daban, don gwada sojojin da suka ji rauni a ka. A 1986 James Birke da David Sims suka nuna cewa zaren da ke lanƙwasa idan an danna shi da nauyin giram 10 shi ne iyaka: ƙafar da ba ta jin sa ta rasa jin da zai kare ta. Wannan siririn zare shi ne har yau ake amfani da shi a asibitocin duniya.

Arewacin Nijeriya ba baƙon wannan ilimi ba ne. Cibiyoyin kula da kutare irin na Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina sun daɗe suna koya wa marasa lafiya jiƙa ƙafa, da goge kanta, da shafa mai, da sa takalmi mai laushin ciki. Wani ɓangare na wannan koyarwa ya dace da mai ciwon suga.

Shin suga ne kaɗai?

Lissafin Pirart ya nuna alaƙa, amma bai tabbatar da cewa sauke suga zai kare jijiya ba. Don a tabbatar, sai da aka sami ma'aunin da ya wuce gwajin yini guda. A 1968 Samuel Rahbar, masanin kimiyya ɗan Iran, ya gano wani nau'in sinadarin jan jini da ke yawaita ga masu ciwon suga. Daga nan aka sami gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku.

Da wannan ma'auni aka gudanar da babban gwajin DCCT a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, wato wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya. An raba su biyu. Rukunin da aka matsa wa lamba da allura da awo sau da yawa a yini ya riƙe HbA1c a wajen kashi 7, ɗayan kuwa a wajen kashi 9. Lalacewar jijiyoyi ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100 a rukunin farko, ko da yake faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau uku a cikinsu. Da aka ci gaba da bin su bayan an kammala gwajin, sai aka ga ribar shekarun farko tana nan tare da su, ko da sugan rukunonin biyu ya dawo kusan daidai. Kulawar da aka yi da wuri ta fi wadda aka yi daga baya tasiri.

Ga masu nau'i na biyu, waɗanda su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga, kuma galibinsu manya ne, labarin ya sha bamban. Binciken UKPDS na Birtaniya, da aka fara a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna sauke suga yana kare ƙananan hanyoyin jini, musamman na ido. Amma da aka tattara gwaje-gwaje iri-iri aka auna a 2012, sai aka ga kariyar da yake ba jijiyoyi a nau'i na biyu 'yar kaɗan ce idan an kwatanta da nau'i na ɗaya. Akwai wasu abubuwa ke nan da ke aiki tare da suga.

Binciken EURODIAB ya riga ya nuna su. Solomon Tesfaye na Sheffield da abokan aikinsa suka bi mutum 1,172 a cibiyoyi 31 na Turai har tsawon shekara bakwai da 'yan watanni, suka buga sakamakon a 2005. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun kamu da lalacewar jijiyoyi. Bayan an cire tasirin suga da na daɗewar ciwo, sai ga sauran masu hannu a ciki: hawan jini, da yawan kitse a jini, da ƙiba, da shan sigari. Su ne dai abubuwan da aka sani suna lalata zuciya da hanyoyin jini. Maganar Fagerberg ta 1959 ta sake samun ƙarfi.

A kan waɗannan akwai yawan shekaru, da ciwon ƙoda, da shan barasa. Akwai kuma ƙarancin bitamin B12, wanda shi kansa yana lalata jijiya, kuma metformin, maganin da aka fi ba masu nau'i na biyu, yana iya rage shi idan an daɗe ana sha. Wannan ba dalilin barin maganin ba ne, dalilin auna bitamin ɗin ne. Sannan ba kowace mutuwar ƙafa ce ta ciwon suga ba. Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya nuna a ƙarshen shekarun 1960 cewa wata cutar jijiyoyi da ta yawaita a kudu maso yammacin Nijeriya tana da nasaba da dogaro ga rogon da ba a cire masa dafi sosai ba. Wasu magungunan tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki su ma suna taɓa jijiya.

Inda aka kwana

Har yanzu babu maganin da ke tayar da jijiyar da ta mutu. Magungunan da ake bayarwa don ƙuna da zogin dare raɗaɗi suke ragewa kawai. Kuma raguwar zogi da kansa ba kullum alamar sauƙi ba ce, domin wani lokaci jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa.

A Afirka fiye da rabin masu ciwon suga ba su san suna da shi ba, don haka shekarun farko, waɗanda DCCT ya nuna sun fi daraja, suna wucewa a banza. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci shida na Nijeriya tsakanin 2016 da 2017, kan mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon suga, ya sami lalacewar jijiyoyi a jikin fiye da kashi uku cikin huɗu. An yanke wa kimanin ɗaya cikin uku wani sashe na ƙafa, ɗaya cikin biyar kuma ya rasu a asibiti.

Hanyoyin da raunin ke shigowa a ƙasar Hausa sanannu ne: jin ɗumin garwashi a lokacin hunturu, da taka ƙasa mai zafi ba takalmi a lokacin bazara, da reza a hannun mai yankan farce, da tsaga kanta a wurin wanzami, da sabon takalmin salla da ya matse. Damar kariya ita ma tana kusa. Wanda ke wanke ƙafa sau da yawa a yini don alwala yana da lokacin da zai dube ta da ido, ya tsane tsakanin yatsu, ya kuma zazzage takalmi kafin ya sa.

Ƙa'idar likitoci ita ce a gwada jijiyoyin mai nau'i na biyu tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na ɗaya kuma bayan shekara biyar, sannan a maimaita kowace shekara. Inda babu zaren giram 10, akwai gwajin da Gerry Rayman na asibitin Ipswich a Ingila ya wallafa a 2011: mara lafiya ya rufe ido, a taɓa kan yatsa na ɗaya da na uku da na biyar a kowace ƙafa da ɗan yatsan hannu, a hankali, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan bai ji biyu ko fiye cikin shida ba, ƙafarsa tana cikin haɗari. Ɗa ko mata ko miji na iya yin wannan a gida.

Daga cikin abubuwan da aka tara tun daga Pirart zuwa Tesfaye, uku ne kawai suka fi ƙarfin mutum: shekarunsa, da tsawonsa, da daɗewar ciwonsa. Suga, da hawan jini, da kitsen jini, da ƙiba, da sigari duk ana iya taɓa su. Mai ciwon suga da ya shiga ɗakin likita yana da haƙƙin ya tambayi lambar hawan jininsa da ta kitsen jininsa kamar yadda yake tambayar ta suga, ya kuma cire takalmi da safa tun kafin a nema.